Wasiƙa: Abin da ya kamata malamin makaranta ya sani game da iskokai da zargin maita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi magana da malaman makaranta da shugabanninsu da kwalejojin da ke horar da su. Batun shi ne ranar da ɗaliba za ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar darasi, ta shiga fizge-fizge tana magana da muryar da ba tata ba, aji ya watse ana salati, wani ya ce iskokai ne. Ko kuma ranar da raɗe-raɗi zai fara zagaya makaranta cewa wance mayya ce, ita ta kama kurwar wane. Malami ya kwashe shekara uku yana neman takardar NCE, an koya masa tsara darasi da auna fahimtar ɗalibi, amma a irin wannan rana yawanci ba abin da ke hannunsa sai abin da ya taso da shi daga gida. Wani sai ya yi tsaki ya ce ƙauyanci ne da neman hutu, wani kuma ya ajiye alli ya koma mai ruƙiyya. Dukansu biyun yaron ne ke kwana a ciki.

Ba a ɗauki malami aiki don ya yanke hukunci ko aljani ya shiga jikin yarinya ko bai shiga ba, kuma ba shi da ma'aunin gane hakan. Amma wajibi ne ya san abin da iyayen ɗalibinsa suka yi imani da shi, sani na gaske ba na jita-jita ba, domin daga nan ne zai iya hango abin da za a yi wa yaron idan an koma gida: addu'a za a yi masa, asibiti za a kai shi, ko duka zai sha.

Mutane da yawa suna zaton abin namu ne mu kaɗai. A ranar 30 ga Janairun 1962, a wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke ƙauyen Kashasha kusa da Bukoba, a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, 'yan mata uku suka fara dariyar da ta ƙi tsayawa, haɗe da kuka da guje-guje. Kafin a rufe makarantar a watan Maris ɗalibai 95 cikin 159 sun kamu, malamansu kuwa ko ɗaya bai kamu ba. Da aka sallami yaran suka koma garuruwansu sai abin ya bi su, har mutum 217 suka kamu a ƙauyen Nshamba kaɗai. An yi gwaje-gwaje, ba a sami guba ko ƙwayar cuta ba. A 1965 a garin Blackburn na Ingila an kwashi 'yan mata 85 daga makaranta ɗaya zuwa asibiti saboda jiri da sumewa, lokacin da garin bai gama fita daga fargabar shan inna ba. A can ba wanda ya ambaci aljani, gurɓataccen abinci da gurɓatacciyar iska aka yi ta nema, ba a samu ba. A 2016 an rufe wata sakandare a Kota Bharu ta Maleshiya na 'yan kwanaki bayan ɗalibai da wasu malamai sun ce suna ganin wata baƙar halitta, aka gayyato malaman addini suka yi karatu. A Dakar a 2008 sunan aljanar Maimuna. A Kano a tsakiyar shekarun 1990 Sumbuka ce ta tayar da hankalin makarantun 'yan mata. A Nijar, inda masaniyar al'adu Adeline Masquelier ta bi diddigin lamarin a yankin Dogon Dutsi, iskokan kan yi ƙorafin an sare itatuwan da suke zaune an gina azuzuwa a wurin.

Sunaye sun bambanta, amma yadda abin ke tafiya kusan ɗaya ne. Ya fi kama 'yan mata masu tasowa, ya fi yawa inda ake zaune a cunkushe ƙarƙashin doka mai tsauri, kuma yakan zo a lokacin matsi, kamar gab da jarrabawa ko bayan rasuwar wata ɗaliba ko lokacin da ake tsoron annoba. Ta ido da kunne yake yaɗuwa: wadda ta ga ƙawarta ta faɗi, ko ta ji ihunta ta bayan bango, ita ce ta gaba. Kuma yaran ba ƙarya suke yi ba. Jirin gaske ne, ƙuncin ƙirjin gaske ne, ko da gwajin jini bai nuna komai ba. Malamin da ya ɗauko bulala don ya "warkar" da su ya ƙara wa wutar itace ne kawai.

Akwai kuma wani abu da mai ilimin boko ke yawan kuskurewa. Masanin al'adun nan ɗan Ingila, Evans-Pritchard, wanda ya zauna cikin ƙabilar Azande ta kudancin Sudan a ƙarshen shekarun 1920, ya kawo misalin rumbun da ya rufta kan mutane suna shan inuwa a ƙarƙashinsa. Azande sun sani sarai gara ce ta cinye ƙafafun rumbun. Abin da suke tambaya shi ne me ya sa ya faɗi a daidai lokacin da waɗannan mutanen ke zaune, ba jiya ba, ba gobe ba. Wannan tambayar ce maita ke amsa musu. Haka uban da likita ya gaya wa 'yarsa na da farfaɗiya zai iya yarda ɗari bisa ɗari, ya karɓi magani, kuma ya ci gaba da tambayar me ya sa tasa, me ya sa yanzu da ta fara fice a aji. Bayanin ƙwaƙwalwa bai taɓa wannan tambayar ba, don haka malamin da ya tsaya yi masa lacca kan jijiyoyi yana amsa abin da ba a tambaye shi ba ne. Amfanin gane haka shi ne iyaye ba sa buƙatar su bar imaninsu kafin su kai yaro asibiti. Ana iya tafiya da biyun tare, kuma abin da ya kamata malami ya nema ke nan.

Abin da ya fi muhimmanci a aji mai gauraye, irin na Sabon Garin Kano ko Kaduna ko Jos ko zangon Kumasi, shi ne a san cewa alama ɗaya tana iya samun fassara daban a gidaje daban. A gidan da ake bin ruƙiyya, yaron abin tausayi ne, wani ne ya shige shi, korarsa za a yi da karatu. A wajen 'yan bori kuwa ba kora ake yi ba, girka ake yi don mai iska da iskarsa su zauna lafiya, haka ma masu zar, irin borin Sudan da Habasha da Masar. Ƙabilar Hmong ta kudu maso gabashin Asiya tana iya ɗaukar farfaɗiya alamar an zaɓi yaro ya zama mai magani, abin tsoro da alfahari a lokaci guda, don haka iyaye ba za su yi ɗokin kashe ciwon gaba ɗaya ba. Amma a wasu wurare, kamar Kinshasa da wasu sassan Akwa Ibom, an yi imani ana iya ba yaro maita a cikin abinci, sai ya zama shi ne mugun da ke jawo rashin aikin uba ko ɓarin cikin matar uba. A nan yaro ya tashi daga abin tausayi ya koma abin tsoro, kuma mai dukansa yana ganin ba yaron yake duka ba. A ƙasar Hausa an fi jingina maita ga manya, musamman tsofaffin mata da baƙi, amma da yake ana cewa gadonta ake yi, 'ya'yan wadda aka zarga su ma sun shiga: ba a cin abincinsu, ba a zama kusa da su a benci, in sun girma aure ya yi wuya.

Tsakanin "an shafe shi" da "shi ne maye" akwai tazara mai nisa, amma cikin minti ɗaya ake tsallake ta, kuma sau da yawa a harabar makaranta. Yarinya na kwance tana sambatu, sai wani ya durƙusa ya fara tambayar aljanin: waye kai, daga ina, wa ya turo ka? A gaban mutum hamsin, bakin yarinyar da ba ta cikin hayyacinta zai ambaci suna, na mai dafa abinci ko na wata malama ko na ɗalibar da suka yi faɗa jiya. Daga wannan lokacin an sami mara lafiya ɗaya da wanda rayuwarsa ke cikin haɗari ɗaya. Haka aka yi a Salem ta Amurka a 1692: 'yan mata biyu, mai shekara 9 da mai 11, suka fara fizge-fizge a gidan limamin cocin garin, manya suka matsa musu su faɗi wanda ke azabtar da su, suka fara kiran sunaye, kafin ƙura ta lafa an rataye mutum 19. Idan shugaban makaranta zai riƙe doka ɗaya tak daga wannan wasiƙa, to ya hana a yi wa yaro irin wannan tambayar a makarantarsa, ko wane ne mai tambayar.

Ingila ta koyi nata darasin da tsada. A watan Fabrairun 2000 Victoria Climbié, 'yar shekara 8 da aka kawo daga Kwaddibuwa don ta yi karatu, ta mutu a Landan da raunuka 128 a jikinta a hannun masu riƙonta. An kai ta coci-coci ana cewa tana da mugun ruhu, musamman saboda fitsarin kwance. Binciken da Lord Laming ya jagoranta ya gano cewa har tsayuwar da take yi ƙiƙam a gaban mai riƙonta an fassara ta da ladabin da aka san yaran baƙar fata da shi, alhali tsoro ne. Wato girmama al'ada ma yana iya zama mayafin da ma'aikaci zai rufe idonsa da shi. Wani rahoto da aka shirya wa ma'aikatar iliminsu a 2006 ya duba lamura 38 da suka shafi yara 44, ya ga waɗanda ake zarga yawanci yara ne masu wani bambanci: farfaɗiya, i'ina, kurumta, fitsarin kwance, mugun mafarki, taurin kai, ko kuma ba a hannun iyayen da suka haife su suke ba. Mu fassara wannan da yaran da muka sani: agola, 'yar riƙo, maraya, 'yar aiki, zabiya, yaron da ba ya haɗa ido da mutane, har da yarinyar da ƙoƙarinta ya yi wa mutane yawa.

Doka ba ta yi shiru ba, mutane ne ba su sani ba. Sashe na 216 na kundin Penal Code na Arewa, kamar sashe na 210 na kundin da Kudu ke amfani da shi, ya mayar da zargin mutum da maita laifi, har ma barazanar zarginsa. Jihar Akwa Ibom ta sa haramcin zargin yaro da maita a dokarta ta haƙƙin yara a 2008, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yi haka a 2009. A Ghana kisan wata tsohuwa 'yar shekara 90 a Kafaba a 2020 ne ya sa majalisa ta zartar da irin wannan ƙudurin a 2023, ko da yake shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. A 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙuduri kan cutarwar da ke biyo bayan zargin maita.

Malamin da ke tsoron a ce ya yi wa addini karan tsaye ya kwantar da hankalinsa. Samuwar aljanu Alƙur'ani ya tabbatar da ita, amma Ibnul Ƙayyim da kansa ya kasa farfaɗiya gida biyu, ta ruhohi da ta jiki wadda likitoci ke magani. Suratul Hujurat ta umarci a binciki labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma hana yawan zato. A Bukhari da Muslim akwai hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zo wajen Annabi (SAW), ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi, ya kuwa yi mata. Ba a guje ta ba, ba a nemi wanda ya jefe ta ba. A ɓangaren Kirista, dokar Cocin Katolika ba ta yarda limami ya yi korar aljani ba sai da izinin bishop, kuma tsarin da aka sabunta a 1999 ya nemi a fara tabbatar da cewa ba ciwo ba ne. Sun ga abin da ya faru a Jamus a 1976, inda wata ɗaliba mai shekara 23 da ke da farfaɗiya ta mutu da yunwa da ƙishirwa bayan watanni ana korar mata aljanu an bar magani, kotu ta sami iyayenta da limamai biyu da laifi.

To idan yaro ya faɗi fa? Abu na farko a duba agogo, domin mai kallo cikin firgici yakan ɗauki minti ɗaya kamar goma. A janye benci da duk abin da zai buge shi, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a sassauta abin da ya shaƙe wuya, mace a rufe mata jiki da zane kuma mata su tsaya a kanta. Kada a danne shi, kada a cusa cokali ko yatsa ko tsumma a baki. Ba ya haɗiye harshensa, cokalin ne ke karya haƙori. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man habbatus sauda yana cikin wannan hali, domin huhu za su wuce. Kada a yi masa hayaƙi. Da jijjigar ta tsaya a juya shi kan gefensa don yawu ya zubo, a zauna da shi har ya dawo. Yawun ba ya sa wa kowa ciwo, tsoronsa ne ya sa ake barin yara su faɗa wuta ko ruwa ana kallo. A garzaya asibiti idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko wannan ne karon farko, ko ya ji rauni, ko numfashinsa bai daidaita ba, ko jikinsa da zafi.

Malami ba likita ba ne, amma shi ne ya gani, likita kuwa labari zai ji. Don haka ya rubuta abin da idonsa ya gani kafin ya manta. Farfaɗiyar da aka fi sani takan fara da sandarewa, sannan jijjiga mai tafiya bai ɗaya na minti ɗaya zuwa biyu, ido yawanci a buɗe, wani lokaci da cizon gefen harshe ko sakin fitsari, bayanta kuma nauyin barci da ruɗewa. Faɗuwar da damuwa ke kawowa takan daɗe, tana lafawa tana tashi, ido a runtse gam, kai na juyawa hagu da dama, ana kuka ko magana. Akwai kuma wadda numfashinta ke fita da sauri-sauri har leɓɓanta su yi zum, yatsunta su ƙandare su tattaru wuri guda kamar an ɗaure su. Wannan hannun yana firgita mutane ƙwarai, amma yawan fitar da iska ne ya jawo shi, kuma yana sakewa idan aka zauna gabanta ana ƙirga mata a hankali, huɗu tana shaƙa, shida tana fitarwa. Suman yunwa ko zafi ko doguwar tsayuwa a asambili kuwa, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, cikin minti ɗaya ko biyu za ta dawo. Sai ta farka sarai a ba ta ruwa da sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu. Wata farfaɗiyar ma ba faɗuwa a cikinta, yaro ne zai ƙura ido na daƙiƙa goma ya dawo bai san an yi ba, sau da yawa a yini, a yi ta dukansa ana cewa ba ya mai da hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Sauran abubuwan da ake ɗora wa iskokai su ma suna da magani in an yi sauri. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a watannin zafi sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Annobar 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. Zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa yana kawo sambatu da jijjiga. A Zamfara a 2010 gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, da yawansu da jijjiga. Tramadol na sa jijjiga ga saurayin da bai taɓa yi ba. Hayaƙin janareta ko gawayi a rufaffen ɗakin kwana yana sumar da ɗaki guda. Dannau kuma, wanda yaran kwana ke yawan kawo ƙararsa, farkawa ce kafin jiki ya saki daga barci. Ya fi zuwa ga mai ƙarancin barci da mai kwanciyar rigingine, kuma binciken da ya kwatanta Masar da Danmak ya nuna inda aka fi tsoronsa nan ya fi yawan zuwa.

Idan faɗuwar ta zama ta taro, a fara da duba wurin: akwai wari, an yi feshin maganin ƙwari, me aka ci, akwai mai zazzaɓi? A kira ma'aikacin lafiya ko da ana ganin an san abin. Sannan a raba waɗanda suka faɗi, kowace a ɗakin da ba ta ganin 'yar'uwarta ba ta jin ta, da babbar mace ɗaya mai sanyin murya. Tara su a ɗaki ɗaya ko a masallaci shi ne kuskuren da aka fi yi, domin suna tayar da juna. Sauran ɗalibai su koma aji a ci gaba da darasi. A hana ɗaukar bidiyo, don yarinyar da aka watsa a WhatsApp tana birgima ta rasa abin da ba za a iya mayar mata ba, kuma bidiyon na kai abin makarantar gaba. Mutum ɗaya ya yi wa iyaye bayani a ranar, kafin jita-jita ta riga shi. Kada a yi gaggawar rufe makaranta in ba likita ya ga dalili ba. A buɗe rajista: wa ta fara, ƙarfe nawa, ina take zaune, wa ya bi ta. Ta farkon ita ce za a zauna da ita a keɓe bayan kwana ɗaya ko biyu, malama ko matiron ta tambaye ta a hankali, domin sau da yawa a wajenta ainihin matsalar take: rashi, auren da aka sa mata rana ba ta so, wani babba da ke takura mata, ko farfaɗiyar gaske da ba a gano ba.

Zama da iyaye yana son tambaya fiye da bayani. Likitan ƙwaƙwalwa Arthur Kleinman ya tsara wasu tambayoyi a shekarun 1970 da malami zai iya ara: me kuke kiran wannan abin a gida, me kuke ganin ya kawo shi, me ya sa ya zo yanzu, me kuka fi tsoro, wane magani kuke ganin ya dace. Mu za mu ƙara biyu: wajen wa aka kai shi kuma me aka yi masa, sannan akwai wanda ake zargi? A saurari amsa ba murmushi ba gyara. In an gama sai a ce, "Baba, ba mu ce a bar addu'a ba, mu ma muna taya ku. Alfarmar da muke nema ita ce a haɗa da asibiti cikin makon nan, ga takardar abin da muka gani a kai wa likita." Uban da aka yi wa haka yakan dawo da 'yarsa. Wanda aka nuna wa shi jahili ne yakan cire ta, kuma sau da yawa karatun ya ƙare ke nan.

Masu ruƙiyya da fastoci da masu maganin gargajiya ba abokan gaba ba ne dole. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi aiki da masu maganin gargajiya a ƙauyen Aro na Abeokuta, kuma wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi inda masu maganin suka haɗa hannu da ma'aikatan lafiya. Zaɓen wanda za a kai wa yaro haƙƙin iyaye ne, a gida ba a makaranta ba. Iyakar da malami zai tsaya a kai a bayyane take: ba duka, ba shaƙewa, ba hayaƙin barkono, ba ƙuna, ba mari ko sarƙa, ba hana abinci, ba keɓewar namiji da yarinya, ba kuma dakatar da maganin asibiti. Na ƙarshen nan ana raina shi, alhali yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya kawo jijjigar da ba ta tsayawa har ta yi kisa.

Yaron da ake zargi da maita kuwa ba kasafai yake kawo ƙara ba, sai dai a lura. Benci ya yi masa faɗi shi kaɗai, ba mai taɓa robar abincinsa, ya rame, ga tabon ƙuna ko jan ido, yana fashin makaranta bayan an yi rasuwa ko rashin lafiya a gidansu. Wani ma da bakinsa zai ce shi maye ne, yana tashi da dare. Kada a ɗauki wannan a matsayin shaida, yaro na maimaita abin da aka tilasta masa ne ko mafarkinsa. A rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, da kwanan wata, kada a yi masa alkawarin ɓoyewa, a sanar da shugaban makaranta a ranar, shi kuma ya sanar da sakataren ilimi da jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, in akwai rauni a haɗa da asibiti da 'yan sanda. Kada a tunkari masu riƙonsa kafin a san inda zai kwana a daren, domin hannunsu zai koma. Kada makaranta ta yarda a kawo kowa ya tsallaka mara lafiya ko a yi masa wani gwajin maita a harabarta. Mai unguwa da limami da fasto sun fi malami iya kashe irin wannan magana a gari, don haka kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, ya san su tun kafin a buƙace su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Roƙonmu ga Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB), da makarantun horar da malamai na Nijar, shi ne a ware wa wannan batu ko da awa shida ne a zango ɗaya, rabinsu a aikace: a kwantar da mutum a ƙasa kowa ya juya shi da hannunsa, a kwaikwayi zama da uban da ya zo a fusace. A gayyato ma'aikacin jinya da malamin addini su koyar tare a aji ɗaya. Kowace makaranta kuma ta tanadi agogo, da ma'aunin zafin jiki, da tabarma, da zannuwa biyu, da sukari, da littafin rajista, da takarda ɗaya manne a ofis mai ɗauke da lambar asibiti mafi kusa da ta direban da zai zo ko da tsakar dare.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman kwalejin ilimi da ma'aikatan jinya,
Zariya.